Yadda Ake Rubuta Son Ganin Farko da Raɗaɗin Rashi a Ƙagaggen Labari

Cikin labaran da matasan marubuta ke turo mini ta WhatsApp a nan Yamai domin in duba musu kafin su saka a zaurukan karatu, akwai zubi ɗaya da yake yawan dawowa: wani ya ga wata, so ya kama shi nan take, aka ɗaura aure ko aka kusa ɗaurawa, sai ajali ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya da kewa. Zubin kansa ba shi da aibu, kuma ya girmi littattafan soyayyar da suka fara cika kasuwar Kano a shekarun 1980 suna tsallako iyaka zuwa Maraɗi da Ƙonni da Tawa. Inda tangarɗar take shi ne marubuci yakan rubuta ranar haɗuwa da ranar rabuwa kamar baƙi biyu da suka sauka masauki ɗaya ba su gaisa ba. A nawa ra'ayin, ganin farko bashi ne da marubuci yake ci a shafin farko, babin rashi kuwa shi ne ranar biya, domin abin da ido ya ɗauka ranar haɗuwa shi ne zai dawo bayan mutuwa ya yi wa mai karatu ciwo. Zan bi matakan da misali guda da na ƙaga, na wata ƴar mai fura a Tawa da wani saurayi ɗan cin-rani.

Mataki na farko: yanke wanda zai gani da wanda zai rage

Tun kafin ka rubuta jimla ɗaya, zauna ka yanke wanda idonsa zai fara gani da wanda zai rage a duniya. Idan wanda ya gani shi ne ya mutu, idon labarin ya tafi tare da shi, sai dai in ka tanadi wanda zai faɗa wa mai rai abin da mamacin ya gani a ranar, kamar abokin ango da zai ba ta labari a zaman makoki. Wannan hanya tana da armashi, amma tana yi wa sabon hannu wuya. Mafi sauƙi shi ne mai gani ya zama mai rashi.

Bayan haka ka tuna cewa mace da namiji ba sa zaman rashi iri ɗaya a ƙasar Hausa. Matar da mijinta ya rasu tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta tanada, in kuwa tana da juna biyu to iddarta sai ta haihu, kuma a cikin wannan lokaci babu kwalli, babu lalle, babu turare, babu kwana a wani gida ba da larura ba. Ke nan addini da al'ada sun riga sun gina maka ɗaki, sun ba ka adadin kwanakin da za ka zaunar da tauraruwarka a ciki. Namiji kuwa bayan kwana uku ya koma kasuwa, kafin a yi arba'in yayyensa mata sun fara yi masa zancen wata, wani lokaci ma ƙanwar marigayiyar, saboda haka raɗaɗinsa ba shi da ɗakin zama, sai ya ɓuya a cikin aiki da yawan shiru. A misalina na zaɓi mace, ita ta gani, ita kuma ta rage.

Mataki na biyu: ba su wuri da shaidu

Bahaushe yana da sunan wannan al'amari tun da daɗewa, domin cikin kuɗin neman aure akwai wanda ake kira kuɗin na-gani-ina-so. Ka lura da sunan: gani ne, sannan so, sannan a kai magana gaban manya. Waɗanda muka yi boko da Faransanci mun saba da siffanta son ganin farko da faɗuwar aradu, kuma da yawanmu mukan kwaso wannan aradu mu sauke ta a labarin Hausa, a ga mutum ya daskare a tsakiyar titi yana kallon ƴar mutane minti biyar. Mai karatu Bahaushe ya san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce wa Sayyidina Ali kada ya bi kallo da kallo, na farko nasa ne, na biyu ba nasa ba ne, kuma ya san kunya ba za ta bar budurwa ta ƙura wa namiji ido a gaban uwarta ba. Don haka abin da kake da shi ɗan lokaci ne ƙanƙani, kuma ƙanƙantarsa ita ce ƙarfinsa.

Zaɓi wuri mai jama'a wanda ka san ƙamshinsa da hayaniyarsa: kasuwar Tawa ranar Lahadi, ko tashar mota, ko filin kokowa lokacin gasar ƙasa da ake ba zakaranta takobi, wadda a Tawa aka fara ta a 1975, ko kuma kasuwannin Katako da Wadata in a Yamai labarinka yake. Ka sa wani na uku a wurin wanda za a ji kunyarsa, uwa ko yaya ko maƙwabciyar rumfa, domin shi ne zai tilasta wa mai kallo ya sunkuyar da kai, kuma shi ne daga baya zai zama shaida.

Mataki na uku: abu ɗaya tak

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan rubuce-rubuce suke faɗuwa. An saba jero siffofi: fara ce sol, doguwa, mai dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya, shi kuma dogo ne mai faffaɗan ƙirji da saje. Wannan jeri bai nuna kowa ba, domin ya dace da taurarin labari ɗari, kuma babu abin da za ka iya dawowa da shi daga cikinsa ranar rashi. Dubi yadda Alƙur'ani ya kawo lamarin matan birni a Suratu Yusuf: ba a faɗi tsawon Annabi Yusuf ko launin fatarsa ba, an dai ce da suka gan shi sai suka yanyanke hannayensu da wuƙaƙen da aka ba su. Wuƙa da hannu sun isar da abin da shafi goma na siffantawa ba za su isar ba.

Abin da za ka nema yana da sharuɗɗa uku. Ya zama abu ne da ake gani ko ake ji da kunne, ya zama yana tona wani hali na mai shi, kuma ya zama zai iya wanzuwa bayan mai shi ya mutu. Ɗauki takarda ka rubuta abubuwa goma da tauraruwarka za ta iya lura da su cikin ƙiftawar ido, ka soke duk wanda yake yabon kyau ne kawai, sannan cikin sauran ka zaɓi wanda yake da ɗan abin dariya ko abin tausayi, domin so yakan shiga ta ƙofar tausayi fiye da ta ƙofar mamaki. Ga yadda na yi nawa:

Ya miƙo dala ashirin ya ce a dama masa, ya tsuguna gefen rumfa. Wani dattijo da ke jiran motar Ƙonni ya tambaye shi ƙarfe nawa. Ya janye hannun riga ya dubi agogonsa da kyau, sannan ya saci kallon rana, ya ce sha biyu ta kusa. Tana miƙa masa ƙwarya ta ga allurar agogon a tsaye kan ƙarfe huɗu. Ya ga ta gani. Ta mayar da ido kan ludayi, inna kuma ta ce mata furar ta isa damu haka nan.

A wannan ɗan sakin layi babu kalmar so, babu bugun zuciya, amma mai karatu ya san saurayin talaka ne mai son a gan shi da mutunci, ya san yarinyar ta riƙe masa sirri, ya kuma san inna ta lura. Sirrin nan da suka haɗa ba tare da sun yi magana ba shi ne farkon zumuncinsu. Ka lura kuma da kuɗin: a Nijar dala ashirin sefa ɗari ce, jikka kuwa sefa dubu, kuma in ka sa ƴar Tawa tana lissafi da naira ka rasa amincewar mai karatu tun daga layin farko.

Mataki na huɗu: ka bar su su rayu

Kada ka yi tsalle daga kasuwa zuwa makara. Mai karatu ba ya makokin mutumin da bai zauna da shi ba, saboda haka ka ba su zance a ƙofar gida, da toshi, da kai lefe, da ƴan watannin aure waɗanda a ciki akwai saɓani na gaske, kamar ranar da ya ranci kuɗin adashenta bai mayar ba. Abin nan ɗaya da ka zaɓa ya bayyana sau biyu a wannan tsakani, kada ya wuce haka, kuma kowane karo da wata fuska dabam: sau ɗaya tana tsokanarsa da tambayar ƙarfe nawa a gaban ƙannensa, sau ɗaya kuma daren da zai tafi Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, kamar yadda mazan Adar, wato yankin Tawa, da yawa ke tafiya bayan an kawar da amfanin gona, yana cewa can zai kai shi a gyara.

Mataki na biyar: yadda labarin mutuwa yake iso gida

Farkon labarin da na taɓa rubutawa a kan rashi, na sa matar mamaci ta sa baƙaƙen kaya, ta bi makara har maƙabarta, ta faɗa kan kabari tana kiran sunan mijinta. Na karanta wa wata gwaggona da ta yi takaba sau biyu, ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ɗana, wannan a wane gari aka yi shi?” Daga fina-finan waje na kwaso shi, kuma kurakurai uku ne a jimla ɗaya: matanmu ba sa bin gawa maƙabarta, baƙin tufafi ba shi ne alamar takaba a wurinmu ba, kuma macen da kunya ta hana ta kiran sunan mijinta yana raye ba za ta kira shi a bainar jama'a ba.

Saboda haka ka rubuta abin da ake yi. Ba a faɗa wa mutum mutuwa gaba ɗaya. Akan ce jikin ya yi tsanani, ko a ce ta zo gida ana nemanta, ita kuma tana ganin tabarmi a ƙofar gida da takalman maza ta gane. Akan ce ya cika, ko rai ya yi halinsa, ko ya riga mu gidan gaskiya, mai ji kuma ya yi salati ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Komai yana tafiya da sauri: wanka, likkafani, sallar jana'iza mai kabbara huɗu babu ruku'u babu sujada, kuma sau da yawa wanda ya rasu da safe kafin la'asar an dawo daga rufe shi. Wannan saurin abin amfani ne gare ka, domin jiki yana aiki hankali bai riga ya iso ba. Ka taƙaita jimlolinka a nan, ka bar mutane su yi ta shige da fice, ka sa tauraruwarka ta damu da wani ƙaramin abu marar muhimmanci, kamar tukunyar da ta bari a kan murhu.

A misalina ma babu gawa. Salula ce ta yi ƙara a aljihun wan mijin, ya fita waje ya amsa, ya daɗe bai shigo ba, an kuma rufe mamacin can Abijan a hannun ƴan garinsu. Rashin da babu makara yana da nasa ciwo, domin ido bai ga abin da zai gaskata ba, kuma gidaje da yawa a Adar sun san irinsa.

Mataki na shida: kwanakin da ke biye

Kwana ukun farko gida cike yake. Ana shigowa ana cewa ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, Allah ya kyauta namu ƙarshe, ita kuma tana amsawa da amin har kalmar ta daina ma'ana a bakinta. A inda ake yin sadakar uku da bakwai da arba'in, waɗannan ranaku su ne turakun da za ka kafa babukanka, kuma ka tuna akwai gidajen da ba sa yin su saboda fahimtarsu ta addini, wanda shi kansa saɓani ne da zai iya shiga labari tsakanin uwar miji da ƴaƴanta. Amma ainihin raɗaɗin yana farawa ranar da aka naɗe tabarmi, baƙi suka koma garuruwansu, aka bar ta da ɗaki. Marubuta da yawa sukan ƙarar da hawayensu a ranar farko, su zo nan ba su da sauran abin faɗa, alhali nan ne ya kamata a daɗe.

Wasu sukan ɗauko matakai biyar na baƙin ciki da likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969, wato ƙaryatawa, fushi, ciniki, ƙunci da karɓa, su hau da tauraruwarsu kamar tsani, babi ɗaya mataki ɗaya. Ya kamata a sani cewa a kan majinyatan da ke fuskantar mutuwar kansu ta fara tsara su, kuma mai rashi ba ya bin layi: yau ta yi dariya da ƙawarta, gobe ƙamshin wani sabulu ya hana ta tashi. Haka nan kada ka ɗauka tawakkali yana kore ciwo, ko kuka yana kore imani. Lokacin da ɗansa Ibrahim ya rasu, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kuma an ruwaito cewa shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, da ya ji sallamar ƴar'uwarta Hala sai ya tuna irin sallamar Khadija, yakan kuma yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Murya a ƙofar gida da nama a cikin kwano: da irin waɗannan ake nuna kewa. Tauraruwarka tana iya cewa alhamdulillahi da gaskiyar zuciyarta, kuma hannunta ya ci gaba da auna hatsin mutum biyu.

Kada ka manta da rabon gado, domin wuri ne da so yake karo da lissafi. Mace tana da kashi ɗaya cikin takwas in mamacin ya bar ɗa ko ɗiya, ɗaya cikin huɗu in bai bari ba, kuma malami zai zauna a yi wa kowane abu kuɗi, har rigar da take jin ƙamshinsa a jiki. Abin da ya fi komai daraja a wurinta yana iya zama abin da aka yi wa kuɗi mafi ƙanƙanta, ko ya faɗa rabon wani.

Mataki na bakwai: biyan bashi

Yanzu ka dawo da abin nan na shafin farko, sau ɗaya, kuma a canje. A Suratu Yusuf riga ta zo sau uku, da jinin ƙarya, da tsagewa ta baya, sannan a ƙarshe aka jefa ta a fuskar Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, ganinsa ya dawo. Abu ɗaya ne, amma kowane zuwa da aikinsa. Idan agogona ya dawo a tsaye kamar yadda ya tafi, mai karatu zai ce ai dama na sani, saboda haka dole wani abu ya same shi a hanya:

Bayan arba'in wani ɗan unguwarsu ya dawo da kayansa a ƙulle cikin buhu. Wansa ya zazzage a tsakar gida, riguna biyu, da bargo, da wata ƙaramar leda. Ya ce wannan ba ya shiga lissafi, ya miƙa mata. Sai da dare, bayan kowa ya kwanta, ta ji ledar tana motsi da ɗan sauti. Da aka kira assalatu ta haska, ta ga yana baya da awa guda cif. Ƙanensa ya ce a kawo ya daidaita mata. Ta ce a bar shi.

Awa gudan nan ba ƙage ba ce: agogon Kwaddibuwa yana bayan na Nijar da awa ɗaya, kuma duk gidan da ke da ɗa a Abijan ya san haka, domin da shi ake auna lokacin kira. Irin wannan gaskiya ta yau da kullum ita ce za ka nema wa naka labarin, kuma in ka same ta kada ka yi mata sharhi. Da zarar ka ƙara jimlar da ke bayyana cewa ya cika alkawari, ko cewa lokacinta ya tsaya tare da nasa, ka ƙwace wa mai karatu rabonsa.

Mataki na takwas: gyara

Ajiye rubutun mako guda, sannan ka karanta shi da murya. Bi shi da alƙalami ka ja layi ƙarƙashin kowace kalmar hawaye da zuciya da so, ka soke mafi yawansu, ka ga ko labarin ya rage wani abu. Duba bakin mutanenka: in ƴan Tawa ne, to a zancensu hura za su ce, da tahi, da mi, da shina, ko da kai mai ba da labari kana rubutu da daidaitacciyar Hausa, kuma ɗiya ba za ta yi wa uwar mijinta magana yadda take yi wa ƙawarta ba. In gajeren labari kake nufi, irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata marubuta a 2016, wadda ake neman kalmomi 1000 zuwa 1500, to fage huɗu sun ishe ka: haɗuwa, dare ɗaya na zaman aure, isowar labari, da dawowar abin. In littafi ne, mataki na huɗu da na shida su za su ci mafi yawan shafuka.

Daga nan sai ka nemi wata dattijuwa da ta taɓa zaman takaba, ka roƙe ta ta saurara, ka karanta mata babin rashin kaɗai ba tare da ka yi mata bayanin komai ba. Duk inda ta katse ka ta ce ba haka ake yi ba, ka sa alama ka gyara a daren nan, tun maganarta tana kunnenka.